Wai da gaske rabin gem nake bugawa saboda na kashe kiɗan?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gardama ce ta kawo ni, ina so waɗanda suka san kan abin su raba mu.

Ni Genshin Impact nake bugawa a waya, sai Albion Online idan abokai sun haɗu da dare. Duk gem ɗin da na sauke, kafin ma in zaɓi suna, wajen saiti nake fara shiga in mayar da kiɗa sifili. A Albion ta manhajar hira ta Discord muke magana, kuma idan jagoran tawaga yana ihun a ja da baya, ba na son wata sarewa ta shiga tsakanina da muryarsa. Genshin kuwa ya zamar min aikin kullum: ka shiga, ka gama ayyukan ranar guda huɗu, ka ƙona resin (makin da ake kashewa a karɓi lada), ka fita. Gara in saki hirar ƙwallo a gefe. Ga shi kuma ina zargin kiɗan nan yana shan data da caji.

To abokina da muke shago ɗaya ya ce wai rabin gem nake bugawa. Wai kamfanin Genshin har Landan ya je ya ɗauki ƙungiyar makaɗa guda, ni kuma na toshe musu baki. Shi ne nake tambaya: ban da ado, mene ne aikin kiɗan nan? Akwai abin da yake gaya wa mai wasa wanda ido ba zai gani ba?

Bazamfare:

Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, bar shi a kashe. Wanda ya taɓa shiga baƙin yanki a Albion da kaya masu tsada a jikinsa ya san ba wurin jin daɗin kiɗa ba ne. Aka kashe ka, komai da ke jikinka ya zama na wani, har dokin. Muryar mai ba da umarni da ƙarar makamai sun ishe ka.

Amma maganar data ba haka take ba. Kiɗan yana cikin fayilolin da ka riga ka sauke, ba daga intanet yake zuwa ba duk lokacin da ka shiga. Ka kashe ko ka kunna, datarka ɗaya. Caji kuma hasken allo da nauyin hoto ne ke cinye shi. Sauke saurin hoton Genshin (FPS) daga 60 zuwa 30 ka ga bambanci.

Mai Fiyano:

Ƙanena, abokinka ya yi gaskiya a wani wuri, ya yi ƙari a wani. Ni haɗa kiɗa ne sana'ata, a situdiyo nake wuni, don haka bari in faɗa maka yadda mai sana'ar ke kallon abin.

Babbar matsalar mai yi wa irin waɗannan gem kiɗa ita ce tsawon zama. Kiɗan fim sau ɗaya za ka ji shi, awa biyu an tashi. Amma gem ɗin da ake bugawa da jama'a a intanet, mutum zai iya shekaru yana komawa gari ɗaya, kasuwa ɗaya, banki ɗaya. Idan mawaƙi ya zo wurina bai gama rubuta baitinsa ba, nakan sakar masa gaɓa takwas tana ta juyawa yana rubutu. Wallahi kafin awa ta cika, kiɗan da ni na haɗa da hannuna nake jin kamar in fasa sifika. To ka ƙaddara an ce ka yi wanda mutum zai zauna da shi shekara biyar bai tsane shi ba. Duk dabarun da suke yi daga nan suka samo asali.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce shiru. A World of Warcraft, wanda Blizzard ta fitar a 2004, idan ka shiga dajin Elwynn kiɗa zai taso, ya yi 'yan mintuna, ya ɗauke. Sai a bar ka da iska da tsuntsaye da takun ƙafarka. Can ka manta da shi, sai ya dawo. In kana son ya yi ta juyawa ba tsayawa, sai ka je saiti ka kunna hakan da kanka. Genshin ma yana yin wannan shirun idan kana yawo a fili, kuma na rana daban, na dare daban. Sabon shiga a sana'armu ba ya iya wannan, gani yake duk daƙiƙar da ba sauti asara ce. Kuma ka lura, kiɗan filin yawo ba ya cika samun amshi mai kama kunne. Da gangan ne. Abin da ya kama kunne da wuri, shi ke gundurar mutum da wuri.

Yanzu tambayarka ta gaskiya, ko yana faɗa maka abin da ido bai gani ba. Ƙwarai kuwa. A Genshin, da zarar maƙiyi ya hango ka kiɗan faɗa yake tashi, ko da ta bayanka yake. Kai da kake kan allon waya, yatsunka biyu sun rufe gefe da gefe, sau da yawa kunne ne zai riga ido sani. Haka idan ka gudu, komawar kiɗan zuwa na yawo ita ce shaidar sun daina bin ka. Yadda ake yin sa: ba waƙa ɗaya ake ajiyewa ba, gunduwa-gunduwa ake yi, a zuba cikin wata manhaja irin Wwise ko FMOD. Gem ya aika mata saƙo cewa faɗa ya fara, ita kuma ta san inda bugu yake, ta shigo da sabon sashe yadda kunne ba zai ji an yanke ba. Wani lokaci ma kiɗan ɗaya ne, ganguna kawai ake ɗorawa a kai ko a zare. Ba sabon abu ba ne, tun 1991 kamfanin gem na LucasArts suka yi tsarin da suka kira iMUSE don wannan aikin.

Inda abin ya kai maƙura shi ne faɗa da manyan dodanni. Ka taɓa zuwa gidan dambe? Ɗan dambe yana zaune shiru, makaɗi ya saki takensa, sai ka ga jikinsa ya fara rawa ya miƙe, 'yan kallo ma tun ba su gan shi ba sun san wa zai fito. Haka Final Fantasy XIV ke yi, kowane babban dodo da takensa. Je ka kalli faɗan Titan ko a YouTube ne. Kiɗan yana canzawa duk lokacin da faɗan ya shiga sabon zango, filin da kuke tsaye yana ƙara tsukewa, har a kai inda za ku fasa zuciyarsa, daga nan sai jita mai lantarki da murya su ɓarke. Mutum takwas a ƙasashe daban-daban, kowa a ɗakinsa, amma duk a daƙiƙa ɗaya suka san an shiga zangon ƙarshe ba tare da wani ya buɗe baki ba. Masayoshi Soken ne shugaban sashen sauti na gem ɗin, kuma a taron masoya na 2021 ya bayyana cewa a 2020 yana jinyar ciwon daji a asibiti yana ci gaba da rubuta kiɗan. Wannan ba aikin da zan iya mayarwa sifili ba ne.

Saura abu ɗaya, wanda ba ya taimaka maka cin faɗa amma shi ke riƙe mutane. Old School RuneScape kiɗansa na MIDI ne, wato fayil ɗin ba sauti ya ƙunsa ba, umarni ne kawai na wane maɓalli za a danna da yaushe, shi ya sa ba shi da nauyi, ya dace da zamanin da a burauza ake buga gem ɗin. In ka ji shi yau dariya za ka yi, kamar tsohon fiyanon yara. Amma kowane yanki da nasa, kuma sunansa ja ne a jerinka har sai ka taka wurin da ƙafarka, sannan ya koma kore. Jerin kiɗanka ya zama tarihin inda ka taɓa zuwa. Har alkyabba ta musamman ake sayar wa wanda ya buɗe su duka, wurin wani mawaƙi a garin Rellekka. Da aka dawo da gem ɗin a 2013 bisa yadda yake a 2007, tsohon kiɗan nan aka dawo da shi yadda yake, kuma manya masu iyali suna jin na garin Lumbridge su tuna suna 'yan makaranta.

Ra'ayina: a Albion bi maganar Bazamfare. A ayyukan kullum na Genshin ma saki hirar ƙwallonka, ba wanda ya ce sai ka ji abu ɗaya sau dubu. Amma ranar da za ka fara shiga sabuwar ƙasa, ko ka fara haɗuwa da babban dodo, kunna, kuma da iyafis, don sifikar waya ba ta fitar da kauri. Maganar Landan gaskiya ce, London Philharmonic ce ta buga na ƙasar Mondstadt a Genshin, na ƙasar Liyue kuma Shanghai Symphony tare da kayan kiɗan gargajiyar Sin irin guzheng da erhu. Shigarka ta farko sau ɗaya ce, in ka yi ta a kurmance ta wuce.

'Yar Agadas:

Yaya Mai Fiyano, na yarda da kai, amma ina da ƙorafi kan masu sana'ar taku. Me ya sa duk hamadar da ke cikin gem kiɗanta ɗaya ne? Ka shiga Al Kharid a RuneScape, ka shiga Uldum a Warcraft, da ka ga yashi da raƙumi ka san abin da zai biyo baya: wannan karin da Larabawa ke kira hijaz, da wata busa mai kuka. Sau da yawa ma busar duduk ce, ta Armeniya, ƙasar duwatsu da sanyi. Ni a bakin hamada aka haife ni. Abin da muke ji shi ne tende, turmin da ake ɗaure wa fata mata su kewaye shi da tafi, da imzad mai tsirkiya ɗaya wanda mata ke gogawa, sai jitar Abzinawa a wajen biki. Ban taɓa shiga hamadar gem na ji ko ɗaya ba.

A Sumeru, ƙasar Genshin da ta fito a 2022, sun fi ƙoƙari, don sun nemo masu buga ud da nai da sitar na gaske, duk da sun haɗa Indiya da Farisa da Masar a ƙasa ɗaya. Da ƙasar Natlan ta zo a Genshin a 2024 na ji ana rera Swahili a babban kiɗanta, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma fadar sarki a gem kullum ƙahon Turawa ne. Kakaki fa? Algaita fa?

Abu Hafsa:

Ni dalilina na kashewa daban ne, ba na sauraren kiɗa ne gaba ɗaya, kuma ban zo jayayya da kowa a kan haka ba. Abin da zan ƙara wa masu irin ra'ayina: kada ku kashe babban sautin duka. Kusan duk gem ɗin nan sun raba shi. Warcraft yana da ma'aunin kiɗa daban, na ƙarar makamai daban, na yanayi daban, na magana daban. RuneScape uku ne. Ka sauke kiɗa kaɗai, ruwa da iska da hayaniyar kasuwa suna nan, garin bai mutu ba. Gargaɗin da Malam Mai Fiyano ya ambata kam ana rasa shi, sai ka riƙa juya kyamara.

Kuma yana da kyau mutum ya san me ake rerawa a kunnensa. A 2008 sai da Sony ta jinkirta fitar da gem ɗin LittleBigPlanet ta janye kwafin da aka riga aka rarraba, saboda an gano kalmomin Alƙur'ani a cikin wata waƙa da aka saka.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai. Yaya Mai Fiyano, ba yadda za a yi in bar shi a kunne amma ya riƙa sauka da kansa idan ana magana a Discord?

Mai Fiyano:

Akwai, amma a Discord na kwamfuta. A saitin murya za ka ga inda ake rage sautin sauran manhajoji idan wani yana magana. A waya sai dai ka daidaita da hannu: kiɗa kan 3 ko 4 cikin 10, ƙarar faɗa ka bar ta sama.

'Yar'uwa ta Agadas, ƙorafinki a kan hanya yake, kuma na san dalili ɗaya daga cikin gida. Yawancin masu haɗa kiɗa ba makaɗi suke kira ba, ɗakunan ajiyar sauti suke saye su zuba a kwamfuta, su danna fiyano ya fito da muryar kayan. Duduk tana cikin kusan kowane irin wannan kunshi, an naɗe ta da kyau, sauti bayan sauti. Kakaki da goge da imzad ba su. Mutum yana da mako biyu ya miƙa kiɗan hamada, abin da ke cikin kwamfutarsa zai ɗauka. Kuma kayanmu ba sa yarda da wannan tsarin cikin sauƙi. Na taɓa kawo mai kalangu na naɗi bugunsa ɗaya-ɗaya na jera a maɓallai. Da na buga, ganga ce kawai ta fito, don maganar kalangu a matsar tsirkiyar hammata take, sautin yana hawa yana sauka a cikin bugu ɗaya. Sai na dawo da shi ya buga jimla-jimla, na yanka su haka. Imzad ma na tabbata haka zai yi. In kin san mai goga shi da za ta yarda a naɗa, a ɗaki marar amsa-kuwwa, kuma a turo fayil ɗin WAV ba saƙon murya na WhatsApp ba, ki yi min magana ta akwatin sirri.