"Babba juji ne": haƙuri kawai ake nufi?

Ɗan Ƙofar Doka: Jama'a, ana cewa "Babba juji ne, kowa ya kwaso shara sai ya zuba masa." A fahimtata haƙuri ake koya wa babba, a kawo masa ƙara ko zagi ya shanye. Amma maganar tana damuna, kamar an mai da dattijo wurin zubar da ƙazanta.

Manomin Galma: Ɗana, ba ka taɓa tone tsohon juji ba ke nan. Mu da bazara kuɗi muke sawa mu sayi ƙasarsa mu kai gona.

Malamar Samaru: Baba ya yi gaskiya, sai dai akwai ma'aikata a cikin jujin. Gara da ƙadandoniya da gwazarma su ke fara daddatsa ganye da kara. In sun yi ƙanana, sai bakteriya da fumfuna su samu wurin kamawa, su saki sinadaran naitirojin da fosfaras, abincin shuka, yadda saiwa za ta iya sha. Ita kuma tana, tsutsar ƙasa, ta haɗiye ruɓaɓɓen ganye haɗe da ƙasa, kashinta ya fi ƙasar gefensa abincin shuka. Da rani takan nutsa neman laima, gara ce ke riƙe aikin. Shi ya sa nake ganin babban da ake yabo shi ne wanda ake kawo wa ɓacin rai ya mai da shi sulhu.

Ɗan Ƙofar Doka: Malama, gara fa? Wadda ke cinye mana danga da rumbu?

Malamar Samaru: Ita ɗin. A Burkina Faso marigayi Yakuba Sawadogo ya raya matacciyar ƙasa da ramukan da ake kira "zai": a zuba taki a rami, gara ta zo ci, ta huda hanyoyin da ruwan sama zai shiga. A Nijar tassa suke ce wa dabarar.

Hajiyar Tudun Wada: Kun kai maganar nesa. Inda nake jin ana faɗarta, lallashin babba ake yi in yaro ya yi masa rashin kunya. Kakanninmu ina suka san bakteriya?

Manomin Galma: Hajiya, ai sun san taki. Ni jujin yanzu ne ke ba ni tsoro. Cike yake da leda da matattun batura, kuma a cinna masa wuta, tsutsotsin sama su ƙone, ƙarfin takin ya bi hayaƙi. Bana sai da muka tsince leda da hannu kafin mu watsa a gona.