Waya a Babban Ɗakin Lacca: Abin da Malamai Suka Ce

1. An yi ittifaki cewa duk bayan minti 15 malami ya jefa tambaya mai zaɓi huɗu ta manhajar tambayoyi ta Mentimeter ko Kahoot, ɗalibai su amsa da waya.

2. In waɗanda suka amsa daidai tsakanin kashi 30 zuwa 70 ne, kada ya faɗi amsar. Kowa ya tattauna da maƙwabcinsa minti biyu, a sake amsawa. Wannan ne ya fi tasiri.

3. Intanet kan tsinke in ɗaruruwa suka hau lokaci guda. A tanadi katuna masu launi da ɗalibai za su ɗaga su amsa a madadin waya.

4. An rabu kan maki. Wasu sun ce a ba duk wanda ya amsa. Wasu sun ƙi, don ɗalibi zai riƙa amsa wa abokinsa da bai zo ba.