Firiza zan saya ko in dogara da kayan gwangwani?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata mai kamawa zan koma aiki, kuma ba zan riƙa shigowa gida ba sai shida da rabi na yamma. Yarana biyu, ƙaramin ba ya kai takwas ido biyu, wato minti 30 zuwa 40 ne tsakanin ajiye jaka da zuba abinci. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su yi: ko in sayi firiza in riƙa girkin mako ranar hutu, ko in haƙura da ɗan firjina in riƙa haɗa kayan gwangwani da ɗanyun kaya kullum. Abin da ya tsaya min a rai, maigidan yana da hawan jini, likita ya ce a rage gishiri. Wadda ta gwada ɗaya daga ciki ta faɗa min yadda ta kaya.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki tashi da wuri ki yi girkinki kafin ki fita, shi ke nan. Bakwai na rena, ba wanda ya san ɗanɗanon gwangwani.

Amaryar Bana: Anti kar ki wahalar da kanki. Taliya, kifin gwangwani, tumatirin leda, dunƙule uku, minti 15 kin sauke.

Anti Nas: Amarya, kin karanta har ƙarshe kuwa? Mai hawan jini za ki jefa wa dunƙule uku? Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kar ya kai giram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kifin gwangwani. Maman Biyu, ba duk na gwangwani ne mugu ba. Ki juya bayansa ki duba sodiyam, wato sinadarin gishiri. Zallar tumatir sau da yawa gishirinsa kaɗan ne, haɗaɗɗiyar miyar kwalba ce ake cikawa. Waken gwangwani kuma ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye, gishiri mai yawa zai bi ruwa.

Gwauro Mai Tukunya: A yi min afuwa na shigo cikin mata. Shekara shida ina dafa wa kaina bayan tashi daga aiki, abin da na gano shi ne ba dahuwa ke cin lokaci ba. Taliya minti 10 ce, farar shinkafa ba ta wuce 20. Masu cin lokaci su ne jiran wake ya yi laushi, jiran ruwan tumatir ya tsotse, da fere-fere. To waɗannan nake saye a shirye: tumatir, wake, daskararren karas da koren wake. Albasa, tafarnuwa, citta, tattasai da lemun tsami kuwa ɗanyu nake sa, don su ne ke kashe warin kanti. Ina shiga na ɗora ruwa tun ban cire takalmi ba. Kafin ya tafasa albasa ta soyu, tumatir ya shiga, wake ya biyo baya. In na sauke na matsa lemun tsami, harshe ba ya neman gishiri sosai.

Ta Ga Jiya: Hmm. Firiza. Ni da na ji sunan sai gabana ya faɗi. Haka aka zuga ni bara, na tattara ajiyata na saya. Na kwana biyu a tsaye a kicin, miya kala huɗu, kaza, nama, dafaffen wake, kowace roba da kwanan wata a jikinta, har hoto na ɗauka na tura wa ƙawaye. Muka yi tafiyar kwana huɗu, muka bar ƙanin maigida a gidan. Ashe daren da muka tafi ya zare filogin ya jona dutsen guga, ya manta bai mayar ba. Tun daga bakin ƙofa na ji warin. Na zubar da naman ina hawaye, amma wata robar shinkafa da na ga ba ta canja kama ba na kasa zubarwa, na ɗumama ta da kyau muka ci. Cikin dare yarana biyu amai da gudawa, sai asibiti. Abin da ya fi ƙona min rai, ba wanda ya ce wa mai guga kanzil. Ni aka zaunar ana tambaya wai me ya sa nake ba yara abincin da ya kwana. Har yau firizar na nan, ruwan sha kawai nake sakawa.

Anti Nas: Sannu 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Shinkafa mayaudariya ce. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, in shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje. Firiza in cike take ba a buɗe ba, tana riƙe sanyi kamar awa 48, rabin ciki kuwa 24. Kwana huɗu dai ba zance.

Gwauro Mai Tukunya: To rigar ta gogu dai ko?

Ta Ga Jiya: Malam, ba abin dariya ba ne. Amma ta gogu, har ya je ɗaurin aure da ita.

'Yar Lissafi: Ku bar zancen guga, a yi zancen aljihu. Gwangwanin wake giram 400 ne, in kin tsiyaye sai ki ga 240, sauran ruwa kika saya. Busasshen wake kuwa in ya dahu ya fi ninki biyu. Na yi lissafi, na gwangwani ya ninka min kuɗi sau uku. Firiza za ta biya kanta.

Amaryar Bana: Sau uku ina? Ni a wajenmu da ƙyar ya kai ninki ɗaya da rabi. Kuma kin sa gas ɗin da za ki ƙona awa guda? Ɗanyen tumatir kuma in na saya da yawa, kafin mako ya zagayo na zubar da wasu.

'Yar Lissafi: Wannan rashin iya ajiya ne, ba tsada ba.

Maman Auta: Ku duka ba ku faɗi lokaci ba. In kayan miya sun yi araha ɗanye ya fi, in sun yi tsada gwangwani ya fi. Ni dai na ga kuɗin wutata ya hau tunda na jona firiza.

'Yar Lissafi: Tawa ban ga wani bambanci ba.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Yanzu gwauro da amaryar da ba ta shekara ba su ne ke koyar da girki? Mai dafa wa cikinsa shi kaɗai ina ya san yaro ya ture kwano?

Gwauro Mai Tukunya: Hajiya, Allah ya ja da ranki, ba na ja da ke. Amma lokacin da kike renon bakwai ɗin, ƙarfe nawa kike dawowa daga aiki?

Hajiya Babba: Aikin gida ba aiki ba ne?

Malam Tarihi: Gwangwanin ma ba sabon abu ba ne, Hajiya. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya wallafa dabarar tun 1810, shi da kwalba ya yi. Mabuɗin gwangwani kuwa sai bayan shekara 40 da ɗoriya aka ƙirƙiro, kafin nan da guduma da kurfi ake fasawa.

Amaryar Bana: Malam, yara na kuka da yunwa kai kana 1810.

Maman Auta: Ni fa duk wannan minti 15 da 20 da ake faɗa ban ga wanda ya lissafa wanke-wanke ba. Tukunya biyu, kasko, katakon yanka, kwanuka biyar. Girkin minti 20, wankin minti 40, mutum na zaune da waya yana tambaya ko akwai shayi.

Ta Ga Jiya: Faɗi ki ƙara. Ranar da na yi girkin firizar nan tukwane tara na wanke ni kaɗai, mai gugan yana falo.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Anti Nas, daskararrun kayan lambun nan su ma akwai gishiri? Kuma har yanzu ban ji wadda firiza ta yi wa rana ba, in ban da 'Yar Lissafi.

Anti Nas: In zalla ne yawanci babu, sai dai masu haɗin miya. Ki duba leda.

Maman Auta: Kafin firiza ki fara tambayar maigidan naki ko ya san inda soso yake. Nawa shekara tara, ranar nan yake tambayata wai a ina muke ajiye cokula.

Gwauro Mai Tukunya: Ni dai a cikin tukunyar nake ci, kwano ɗaya ya ragu.