Wa Aka Tambaya Kafin A Zuba Kankare?

Manomin Garun Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau a cike nake, ku bar ni in amayar. Daga gonakinmu zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ba wata tafiya ba ce, amma kafin akori-kura ta fita daga burjin nan ta hau kwaltar Zariya, tumatirin da ke ƙasan kwando ya zama ruwa. Dillali ya ɗaga ya duba ya karya farashi, kai kuma ba ka da bakin magana. Kwanaki an kira mu wani taro wai na jin ra'ayin jama'a kan ayyukan da za a sa a kasafin kuɗi. Muka je har da dagacinmu, muka tarar an riga an buga jerin ayyukan a takarda. Aka raba ruwan leda, aka ɗauki hoto, aka ce mu tafa. Tambayata ɗaya ce: wa ake tambaya kafin a yanke inda kuɗin hanya zai tafi? Ƙananan hukumomi 44 ne a Kano, 8 ne birni da kewaye, amma kullum gadojin ado ake ta jerawa a birni, mu 36 ko oho.

Ɗan Jar Hula: Ado? Malam, ado ka ce? Ka taɓa bin Ƙofar Nasarawa da yamma kafin Madugu Kwankwaso ya yi gadar nan? Mutum sai ya yi la'asar da magariba a cikin mota. Ka nemi afuwa kawai.

Ɗan Hotoro: Ai bai yi ƙarya ba, sai dai bai tantance ba. Akwai na ado akwai na aiki. Na Dangi da na Hotoro da na Ƙofar Ruwa da Baba Ganduje ya yi, su ne na aiki. Wanda aka yi don a rubuta suna a jiki da jan fenti, kowa ya san shi.

Ɗan Jar Hula: To ga shi nan, dama na san za ka leƙo. Wa ya fara gadar Sabon Gari?

Ɗan Hotoro: Wa ya ƙarasa ta?

Ɗan Jar Hula: Ƙarasa aikin da ka tarar ba gwaninta ba ce, wajibi ne. Shi ɗin mataimakin wa ne lokacin da aka fara?

Manomin Garun Malam: 'Yan uwa, ni ba sunan kowa na kira ba. Hanyar gona nake magana.

Hajiyar 'Yan Kaba: Ƙanena, ni ina bayanka a kan tumatir, don mu ne muke sauke shi muna ganin yadda yake isowa. Amma kalmar nan ta ado ba ta yi ba. Kayan naku in sun shigo gari ta sama suke tashi? Ba ta kan gadojin nan suke bi su zo mana ba? Kuma wa ya ce ado abin banza ne? Kano ba ƙaramin gari ba ce, baƙo ya shigo ya ga birni ya amsa sunansa.

Ɗan Hotoro: Hajiya ta yarda ado ne ke nan.

Hajiyar 'Yan Kaba: Kada ka sa min magana a baki, yaro. Na haifi kamarka.

Malamin Firamare: Don Allah a ɗan tsaya. Abin da Malam ya tambaya yana da amsa, kuma amsar ba ta jar hula ba ce ba ta farar hula ba. Hanyoyi a ƙasar nan gida uku ne: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Titin Kano zuwa Zariya na tarayya ne. Burjin da ya taso daga gona ya haɗu da shi, a ƙa'ida aikin ƙaramar hukuma ne. To ina kuɗin ƙaramar hukumar? Shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Abin da ya kamata mu bi diddigi shi ne ko hakan na faruwa, kuma in yana faruwa, wa ke zama da kansila a mazaɓa ya ce masa kwalbatin nan ta fi mana shatale-tale. Mazaɓu 484 ne a jihar nan. Da kowace za ta rubuta ayyuka uku da ta fi buƙata, a liƙa a ƙofar dagaci tun kafin a kai kasafi majalisa, ba bayan an buga ba, da an san wanda ya yi watsi da wa.

Ɗan Jar Hula: Malam, duk wannan turancin naka Madugu ya riga ka. Titin kilomita 5 a kowace ƙaramar hukuma 44, wa ya kawo shi? Wannan ma ado ne?

Ɗan Hotoro: Nawa aka gama kafin 2015?

Ɗan Jar Hula: Nawa kuka ƙarasa a shekara 8? Ba sai da Gwamna Abba ya zo aka koma kansu ba?

Malamin Firamare: Kilomita biyar ɗin nan ai a hedikwatar ƙaramar hukuma aka tsara su, cikin gari, da fitilu a tsakiya. Manomin da ke can cikin fadama bai taka su sai ranar kasuwa. Maganar Malam tana nan daram.

Ɗan Hotoro: Wato su ma ado ne. Na gode Malam.

Malamin Firamare: Ban faɗa ba.

Mai A Daidaita: Ku kuna faɗa a kan gada, mu da muke kwana mu tashi a kan titi wa ya taɓa kiranmu taro? A Janairun 2013 aka wayi gari aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, kowa ya koma neman A Daidaita. Ƙarshen 2022 kuma aka ce kada mu bi wasu manyan tituna, har da na Tal'udu zuwa Gwarzo. Mutane suka tsaya cirko-cirko a bakin hanya babu abin hawa, aka yi ta ihu, ba a daɗe ba aka janye. Da an tambaye mu tun farko ai da ba a ji kunya ba. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk zagayen da aka sa mu yi saboda ana aikin gada daga aljihunmu yake fita, sannan ga balans ɗin mai keke da yamma.

Hajiyar 'Yan Kaba: Ku da kuke juyawa a tsakiyar titi ba sigina? A tambaye ku me?

Mai A Daidaita: Hajiya, da wa kike zuwa kasuwa da asuba?

Hajiyar 'Yan Kaba: Da kuɗina nake zuwa. Jiya ma ɗan uwanka ya ninka min.

Tsohon Ɗalibin Shekarau: Tunda ana rabon yabo, a tuna sunan A Daidaita Sahu daga ina ya samo asali. Malam Ibrahim Shekarau ne ya kawo kekunan nan, da farko ma don mata. Ba kankare ba ne kaɗai aiki, akwai gina ɗan Adam.

Ɗan Jar Hula: Wa ya kira ka?

Ɗan Sabon Titi: Ni in ana maganar ado na gaske, jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ta Nijar ne. Kusan dala biliyan 2, bashi, a kai wa wata ƙasa layin dogo, alhali hanyar Abuja zuwa Kano mai kilomita 375 tun 2018 ake fama da ita. Wa aka tambaya a nan ma?

Ɗan Maraɗi: Ku yi hanƙuri, ban cika magana a nan ba, amma "wata ƙasa" ta yi min zafi. Layin nan kilomita 284 ne, kuma mafi yawansa a cikin Najeriya yake: Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, sannan ya tsallako mana. Har reshe aka yi wa Dutse. Wake da dabbobin da ke cika kasuwanninku daga ina suke zuwa? Sarkinmu ma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mai. Bature ne ya ja layi tsakaninmu.

Ɗan Sabon Titi: To in ɗaya muke, me ya sa bayan juyin mulkinku na Yulin 2023 muka buɗe iyaka ku kuka ja ƙafa?

Ɗan Maraɗi: Wa ya fara rufewa? Wa ya yanke mana wuta?

Admin: A bar maganar iyaka. An sha gargaɗi.

Baba Tsohon Direba: Yara, ku saurara. Ni na ja babbar mota tun kafin a haifi yawancinku. Jirgin ƙasa tun 1912 yake shigowa Kano, kuma Turawa ba su tambayi kakanninmu ba, gyaɗa da fata suke so su kai teku. Audu Bako ya yi madatsar Tiga, ruwan da yaron nan ke noman tumatir da shi ke nan. An kawo ruwa an manta da hanyar fitar da amfanin. Kamar a ɗinka wa mutum babbar riga ne a bar shi ba takalmi, ga ƙaya. Duk gwamnan da ya zo abin da ido zai gani daga mota yake so. Kwalbati a ƙauye ba a kiran shugaban ƙasa ya zo ya yanke mata kyalle.

Ɗan Hotoro: Baba ma ya ce abin da ido zai gani. Ado ke nan!

Ɗan Jar Hula: Baba cewa ya yi duk gwamna. Har da naka.

Baba Tsohon Direba: Allah ya shirye ku.

Manomin Garun Malam: To na ji. Ku cire kalmar, ku sa wadda kuke so. Yanzu wa zai taya ni mu rubuta takarda, mu tara sa hannun manoma da direbobin Kwanar Gafan, mu kai wa ɗan majalisarmu kafin zaman kasafin bana? Malamin Firamare, ko za ka tsara mana ita?

Ɗan Jar Hula: Ya janye! A rubuta, ya janye.

Ɗan Hotoro: Bai janye ba, cewa ya yi ku cire.

Hajiyar 'Yan Kaba: Wai nawa kwando yake yau a can wajenku? Ka min magana ta gefe.

Admin: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita yadda aka tashi don waɗanda ba su bi ba. Na farko, mai maganar da kansa ya amince gadojin birni ba ado ba ne, musamman na farkon da aka yi tsakanin 2011 da 2015, waɗanda su ne suka buɗe ido, da kuma na Ɗan Agundi da Tal'udu da aka ɗora a kai. Na biyu, an tabbatar cewa tunanin kai titi ƙananan hukumomi ba sabo ba ne, an san mai shi, kuma an san waɗanda suka yi shekara 8 suna kallonsa. Maganar jirgin Maraɗi ba hurumin jiha ba ce, don haka ba a ƙirga ta ba. Batun takarda kuma abu ne mai kyau, amma tunda gwamnati na kan aiki ba na jin akwai gaggawa, mai so ya nemi Malam ta gefe. Ɗan Hotoro, wannan ne gargaɗinka na ƙarshe kan zolayar manya. Na rufe guruf sai bayan asuba, kuma waɗanda ba su biya kuɗin wata ba su tura kafin Juma'a.