Mujalla ta karɓi maƙalata cikin mako guda, in biya ko in dakata?

Malamin kwaleji, yankin Gumel:
Assalamu alaikum malamaina. Na rubuta maƙala kan yadda manoman riɗi ke adana amfanin gonarsu a ƙauyukanmu, na tura wa wata mujalla da ta aiko mini da imel tana neman rubutu. Mako bai cika ba suka ce sun karɓa, babu gyara ko ɗaya, sai dai in biya kuɗin bugawa da dala kafin ƙarshen wata. Lokacin ƙarin girma ya matso, shi ya sa nake neman shawararku.

Ma'aikaciyar ɗakin karatu, Wudil:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kada ka biya tukuna. Mujallar kirki takan miƙa maƙala ga masana su tantance ta, aikin da kan ɗauki makonni ko watanni, kuma da wuya ta dawo ba tare da gyare-gyare ba. A 2013 ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya tura maƙalar bogi mai cike da kurakurai ga mujallu 304, 157 daga cikinsu suka karɓa, domin kuɗin suke kallo ba binciken ba. Ka nemi sunan mujallar a DOAJ (kundin intanet na tantattun mujallun bincike da ake karantawa kyauta), ko a AJOL (dandalin intanet na mujallun binciken Afirka) idan ta Afirka ce. Idan ta ce tana cikin Scopus (babban kundin intanet da ke jera mujallun bincike da ya tantance), ka duba jerin Scopus ɗin da kanka, tunda kowa na iya manna tambari a shafinsa. Lambar ISSN (lambar da ake bai wa mujalla don bambanta ta da sauran) kuwa rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba.

Malamin jami'a, Kazaure:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma neman kuɗi kaɗai ba laifi ba ne, don akwai mujallu nagari da ke karɓa. Bambancin shi ne suna bayyana farashin tun kafin ka tura. Ka kuma rubuta wa ɗaya daga cikin editocin da suka lissafa, saboda wasu masanan ba su ma san an sa sunayensu ba. Irin wannan yaudara na cikin abin da ya sa kotu a Amurka ta ci kamfanin buga mujallu na OMICS tarar dala miliyan 50 a 2019.

Ma'aikaciyar ɗakin karatu:
Malam, kada ka sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka. Ka janye maƙalar a rubuce, ka adana amsarsu, domin da zarar sun buga ta, da wuya mujallar kirki ta sake karɓarta.