Don Allah a taimaka: GDAL ya ƙi aiki a cikin venv

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana uku ke nan ina fama da GDAL (manhajar sarrafa taswirori da hotunan tauraron ɗan Adam), kaina ya ɗaure.

Ubuntu 22.04 nake amfani da shi, da Python 3.10. Na buɗe venv, wato keɓaɓɓen wurin aiki na Python, don kada kayan aikina su cakuɗe da na kwamfutar. Da farko pip, mai sa manhajojin Python, ya tsaya, wai bai ga gdal-config ba. Na sa libgdal-dev ta apt, sai kuma ya ce siga ba ta dace ba, domin sabuwa yake jawowa alhali tawa 3.4.1 ce. Da na rubuta GDAL==3.4.1 ya shiga lafiya lau.

Hoton tauraron ɗan Adam Sentinel-2 na fadamar Haɗeja yana buɗewa, har girmansa ina gani. Amma da zarar na kira ReadAsArray, umarnin karanto lambobin hoton, sai ya jefo mini No module named '_gdal_array'. NumPy kuwa, manhajar lissafin da umarnin ke buƙata, yana nan, sai dai bayan GDAL na sa shi. Na cire GDAL na mayar, ba ta sauya zani ba. Ina zargin pip tsohon da ya ajiye yake dawo mini da shi.

Shin wajen sake sa GDAL da pip, --no-cache-dir kaɗai ya isa, ko sai da --no-build-isolation? Ba na son komawa conda (wata hanyar sa manhajojin), datata ta kusa ƙarewa, kuma ranar Litinin malamina ke jiran taswirar.