Ƙanena ya faɗi a kan babur, shin sai mun kai shi asibiti?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Jiya bayan magariba ƙanena, mai shekara 28, ya faɗi a kan babur ba tare da hular kwano ba, ya bugu a gefen kai kusa da kunne. Waɗanda suka ɗaga shi sun ce ya ɗan suma, amma ya farfaɗo ya dawo gida da ƙafarsa. Tun asuba ya yi amai sau biyu, ciwon kan kuma yana ƙaruwa, ga barci yana yawan fizgarsa. Babu jini a waje, shi ya sa mahaifiyarmu ta ce a jira zuwa gobe. Mene ne shawararku?

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam. Malam, ku kai shi yanzu, kuma ku nemi asibitin da ke da na'urar sikana mai ɗaukar hoton cikin kai (CT), domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jinin da ya taru a cikin kai. Ƙashin gefen kai siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashinsa; idan ta tsage, mutum kan farfaɗo ya yi magana lafiya lau na wasu sa'o'i, alhali jini yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Suma, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa da nauyin barci, kowanne ya isa dalili, shi kuwa ya haɗa duka huɗun. Kada ya tuƙa babur da kansa. Kada kuma a ba shi tramol, domin yana sa barci ya ɓoye alamun, haka ma asfirin, wanda ke hana jini daskarewa. Farasitamol ya wadatar.

Malami a Kusiri:
Ina goyon bayan Hajiya. Ku duba kuma ko baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ko wani ruwa garai yana fita daga hanci ko kunne, ko hannu ɗaya ya rasa ƙarfi, ko harshensa yana sarƙewa. Idan yana kukan wuya, a ɗauke shi a kwance ba tare da an juya kansa ba.

Baba Alhaji, Ngaundare:
Allah ya ba shi lafiya, ɗana. Abin da zan ƙara ya shafi mu dattawa. Wanda ya haura shekara 65, ko yake shan maganin tsinka jini, a kai shi ko da bugun bai taka kara ya karya ba. A jikin tsoho jini kan tsatso a hankali, sai bayan makonni a ga ya fara mantuwa ko tangaɗi, iyali su ce tsufa ne ko iska, an riga an manta da ranar da ya zame a banɗaki.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Inna, ta amince, mun samu mota.